Daga Akumari zuwa Remork: Yadda Ƙasar Tasawa da Mayahi Ta Koyi Jan Kaya

A ƙarshen shekarar 1924 wasu motoci takwas suka shigo Tasawa daga yamma, kowace tana jaye da ƴar remork mai taya biyu. Na kamfanin Citroën ne na Faransa. Sun taso daga Beshar ta ƙasar Aljeriya ranar 28 ga Oktoba, suka keta Sahara, suka sauko Yamai, sannan suka miƙe gabas za su Damagaram da tafkin Cadi. Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil ne madugan ayarin. Sun yada zango wajen Sarki Barmu, suka ɗauki silimar fadarsa da matan gidansa don ƴan kallo na Faris, suka wuce. Turawa na kiran tafiyar Croisière Noire, kuma ba hotunan fada ne suka sa na tono ta ba, ƴan'uwa. Injin ne. Kowace mota ƙarfin doki 20 kacal gare ta. Hilux ta yau mai injin gazuwal 2.4 tana da wajen 150. Da dokin nan ashirin suka jawo mai, ruwa, tantuna da kayan gyara tun daga bakin hamada har ƙofar fada.

Yaya aka yi? A maimakon tayoyin baya, motocin na da sarƙar roba mai faɗi wadda ke baza nauyi bisa rairayi, kuma giyarsu mai ƙasa-ƙasa ce, tafiyar hawainiya. An auna abin da kowace za ta ja tun kafin a tashi. Wato tun ran da Tasawa ta ga waɗannan remork ɗin, ja bai taɓa zama matsala ba. Ko injin da bai kai ya kawo ba yana iya motsa kaya in an ba shi lokaci. Tambayar da ta fi wuya ita ce me ya riƙe kayan, kuma me zai tsayar da shi.

Kafin wannan zamani ƙasarmu ba ta jan kaya, ɗauka take yi. Harshen ma ya nuna haka. Ana labta wa raƙumi, ana ɗora wa jaki, ana aza wa mutum bisa gammo. Muna da akumari, muna da mangala, muna da taiki, muna da takarkari, san da aka horar don kaya. Ayari na da madugu da jagaba, yana da zango. Lokacin da Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya iso Tasawa a watan Janairun 1851, tare da ayarin gishiri na Abzinawa ya gangaro daga arewa, kuma duk abin da ya shigo garin a ranar, bisa baya ko bisa kai ya shigo. Raƙumi mai lafiya na ɗaukar wajen kilo 150 a doguwar tafiya, jaki bai kai rabin haka ba, ɗan dako kuwa kilo 25 zuwa 30 in ana so ya kai gobe.

Ilimin fatake duka na daidaito ne da ɗauri. Mangala in ta rinjaya gefe guda, kafin a kai zango bayan jaki ya sale, jakin da ya yi gyambo kuwa ya fita daga ayari. Shi ya sa za ka ga tsoho ya ɗaga wannan taiki, ya ɗaga wancan, ya ɗebi tiya guda daga nan ya zuba can, ba sikeli ba komai. Igiya kuma a gida ake tufka ta. Mutanen Mayahi da ke bakin Gulbin Kaba sun fi kowa sanin abin da ake nufi in an ce kaya ya tsinke a gindin kaba: ga ɓarna, ga maganinta a wuri guda. Ku lura da abu ɗaya: in kayan jaki ya tsinke, ƙasa yake faɗuwa ya tsaya nan. Ba ya bin kowa da gudu.

Akwai kuma waɗanda suka zo suka yi lodin da ba ruwansa da mai ɗauka. Rundunar Voulet da Chanoine ta 1899 da kawunan mutane ta yi tafiya, ɗaruruwan ƴan dako da aka kamo ƙarfi da yaji, ana ɗaure su wuya da wuya, wanda ya gaza a kashe shi a kamo wani. A ƙasar nan tafiyar tasu ta watse. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb a Dankori, cikin kwana uku sojojinsu suka kashe su su biyun a wajen Maijirgi, inda kaburburansu suke har yau. Hanyoyin mota na farko ma da aikin tilas aka share su, ba a soke shi ba sai da dokar 11 ga Afrilun 1946.

Gyaɗa ce ta kawo mota da gaske. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma shekaru da dama raƙuma da jakuna ne ke kai gyaɗar Tasawa da Maraɗi can, a ɗora ta a jirgi sai Ikko. A hankali kamiyo ya karɓe aikin. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA na sayen gyaɗa a kasuwannin kaka, alhazan Maraɗi na tsakiya, wasunsu da ribar suka sayi motocin kansu. Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi guda a kansu a 1986, mai son labarin ya nema a laburare. Daga 1953 Faransawa suka shirya jigilar da suka kira Hirondelle, ana kai wani kaso na gyaɗar ta Faraku zuwa Kwatano don kada komai ya dogara ga Najeriya. Bayan ƴancin kai aka kafa SONARA a 1962 ta riƙe cinikin. Sai farin 1973 zuwa 1974 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka karya kasuwar. Gyaɗa ta tafi, motoci da direbobi da makanikai suka zauna.

Amma ni a ganina babbar makarantar jan kaya a ƙasarmu ba kamiyo ba ne, amalanke ne. Sunan ma baƙo ne, daga Yarbanci ya biyo hanyar Kano ya iso mu. UNCC da aka kafa a 1962 ta riƙa ba manoma bashin shanun noma, garma da amalanke, daga baya shirin raya karkara na Maraɗi ya ci gaba da abin a ƙarshen shekarun 1970. An buɗe wuraren ƙera kayan, ACREMA a Tawa, UCOMA a Damagaram, CDARMA a Doso. Da gwamnati ta janye hannu, masu walda na gari suka ɗauka, suna neman gatarin taya na matattun motoci suna ɗora masa katako. Yau ba ƙauyen da za ka shiga tsakanin Urafan da Kanan Bakashe ba ka ga amalanke ɗauke da taki, kara, jarkoki, ko mai naƙuda za a kai ta likita ba.

Yaron da ya taɓa korar amalanke ya san abin da injiniyoyi ke rubutawa da lissafi. In ka tara buhuna a baya, sandar gaba ta ɗaga, karkiya ta shaƙe shanu, in jaki ne ma sai ka gan shi yana lilo ƙafafu a sama, yara na dariya. In ka tara su gaba, wuyan sa ya kumbura. Daidai shi ne kaya ya zauna bisa gatari, ya ɗan rinjaya gaba kaɗan, yadda karkiya za ta kwanta ba ta danne ba. To wannan ita ce ƙa'idar remork, ba ƙari ba ragi. Masu ƙera motoci na Amurka na cewa wuyan remork ya danna bayan mota da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta, kuma wajen kashi 60 na kayan ya zauna gaban gatari. Bambancin shi ne sa na kuka in an yi kuskure, ƙarfe kuwa shiru yake yi sai an kai kilomita 70 a awa, sannan remork ta fara kaɗa wutsiya hagu da dama, kowace kaɗawa ta fi ta baya, har ta juya motar.

Ƙaramar motar kaya ta zo da sunaye biyu, kuma sunayen na gaya maka ta inda ta shigo. A wajenmu bashe ce, daga kalmar Faransanci ta motar da aka lulluɓe da tanti. Ƙetaren iyaka, Katsina da Daura, a-kori-kura ce. Peugeot 404 ce uwar ɗakinsu, ƙanwarta 504 ta biyo baya, kuma da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, kayan gyara suka yi araha a duk ƙasar Hausa. Amma bashe ta kwalta ce da jar hanya. Rairayin arewacin Mayahi sai landiroba, sai kuma Toyota: Hilux da aka fara ƙerawa a 1968, da Land Cruiser zubin 70 da ta fito a 1984, wadda yaƙin Cadi da Libiya na 1987 ya yi wa talla har aka sa wa yaƙin sunan Toyota. Su ne yau ke bin kasuwannin mako, mutum bisa buhu, akuya bisa mutum.

Daga nan aka fara rataya musu abubuwa a baya: tankin ruwa, injin casar gero, janareta na biki, motar da ta mutu a daji, remork ta buhuna. Kuma mafi yawan remork ɗin nan, in ka duba da kyau, amalanke ne aka sauya wa wuya. Gatari na tsohuwar mota, ƙarfen kwana, katako, zobe a gaba. Ba birki, ba fitila, ba takardar da ta ce ga iyakar nauyinta. An ɗauko abin da aka yi don tafiyar kilomita 4 a awa an ɗaura shi bayan abin da ke yin 80. Gudu ya ninka sau 20, ƙarfin da birki zai kashe kuwa ba sau 20 yake ninkawa ba, gudun ake bugawa da kansa, sau 400 ke nan. Ƴan ajin kimiyya sun san lissafin, sai dai ban taɓa jin wani ya kai shi tasha ba.

A tasha lamba ɗaya ake yawo da ita. Za ka ji aparanti na cika baki wai motar maigidansa na jan tan uku da rabi. Gaskiya ne wasu Hilux na bayan 2015 da Land Cruiser 79 an rubuta musu kilo 3,500. Amma a layin da ke ƙasa akwai wata lamba, 750, kuma ita ce tamu. Kilo 3,500 na remork ce mai birkin kanta. Marar birki, iyakarta 750, har da nauyin remork ɗin kanta. In ƙarfe da katakon sun ci kilo 300, saura 450, buhu huɗu da rabi na gero mai tiya arba'in. Wa kuka taɓa gani ya tsaya a buhu huɗu? Lambar nan ba Toyota ta ƙirƙiro ta ba. Tana cikin yarjejeniyar zirga-zirga ta Biyana ta 1968, wadda ta ce abin da ya wuce kilo 750 ba ƙaramar remork ba ce, dole ta sami birki. A cikinta ma an ware wa masu jan babbar remork rukunin permi na E.

Ita kanta babbar lambar sai da aka yi rigima a kanta a Amurka, inda kowane kamfani ke auna motarsa yadda ya ga dama ya buga a talla. A 2008 ƙungiyar injiniyoyin mota ta fitar da ma'auni guda mai suna J2807. A ciki har da hawan wani dogon tudu kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, fiye da kilomita 18, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, da na'urar sanyi a kunne, ba tare da injin ya tafasa ba. Akwai gwajin tashi a kan gangare, da na birki, da na kaɗa wutsiya. Toyota ta fara bi, Ford da GM da Ram ba su shigo ba sai motocin 2015. To amma duk wannan sabuwar mota ake gwadawa, da sababbin tayoyi, bisa kwalta, da mutum biyu a ciki. Tamu ta shekara ashirin ce, ta ci hanyar Kwatano, an yi wa shasinta walda sau biyu, a watan Afrilu kuma zafinmu ya wuce 38 tun kafin azahar.

Sannan lambobin ba a cin su duka lokaci guda. Bodin Hilux na ɗaukar wajen tan ɗaya, har da direba da duk wanda ya hau. Remork mai tan biyu in an loda ta daidai tana danna bayan motar da kilo 200, a cire shi daga tan ɗin nan. Mutum goma sha biyar masu kilo sittin-sittin sun riga sun cinye 900. Ka ga motar ta cika tun ba a sa buhu ko ɗaya a bodi ba. Baya ya zauna, gaba ya ɗaga, tayoyin da ke juya mota kuma suke yin mafi yawan aikin birki suna taɓa ƙasa sama-sama, fitila na haska rassan gawo. Motocin da suka fito daga Turai suna da ɗan allon ƙarfe a jikin ƙofa ko ƙarƙashin bonet mai lambobi huɗu. Ta farko iyakar nauyin motar da kayanta, ta biyu iyakar mota da remork a haɗe, sauran biyun na gatarin gaba da na baya. Cire ta farko daga ta biyu, ka sami abin da aka yarda ta ja in ita ma a cike take. Minti biyu ne aikin. Abin da ya ba ni haushi shi ne harshen da ke da suna ga kowace igiyar jaki, ba wanda ya zauna ya ba shi sunan nauyin da ke sauka a wuyan remork, littafin mota kuwa da Faransanci ko Larabci ko Ingilishi yake zuwa, in ma ya zo. Direba bai jahilci kaya ba, shi ɗan mai amalanke ne. Ba a dai taɓa gaya masa da Hausa cewa abin da ya sani a karkiya shi ne a nan ba.

Sai mahaɗar kanta. Iri biyu aka fi gani: dunƙulen ƙarfe mai kamar ƙwallo wanda bakin remork ke hawa ya kulle, da ƙugiya mai muƙamuƙi wadda ke kama zobe, irin ta motocin soja da na ma'aikatu. Ƙugiya da zobe sun fi jure hanyar daji, sai dai suna da ƙara da fizga. Ƙwallo kuma yana da tarko: na Turai milimita 50 ne, na Amurka inci biyu, wato milimita 50.8, akwai ƙarami mai inci 1 da bakwai bisa takwas. Ido ba ya rarrabe su. Baki mai faɗi bisa ƙaramin ƙwallo zai zauna lafiya lau a tsaye, ramin farko ya fitar da shi. Duk wanda aka zaɓa, a jikin shasi ake ɗaure shi da kusoshi masu ƙarfi, ba a bamba ba. Bamba gwangwani ce mai kwalliya. Fil ɗin da ke riƙe zobe yana son makulli a ƙasansa, ba guntun rodi da aka lanƙwasa ba, balle ƙusa. Kuma a sa sarƙa biyu daga remork zuwa shasi, a gitta su ƙarƙashin wuyan kamar almakashi, yadda in mahaɗa ta saki wuyan zai faɗa cikinsu maimakon ya caki ƙasa remork ta tashi sama, ko ta tsinke ta nufi masu tallan bakin hanya a Gazawa. Sarƙar ta yi sako-sako yadda za a sha kwana, kada ta kai tana share ƙasa.

Tankin ruwa na da nasa halin. Lita dubu tan ɗaya ce cif. Tankin da ke rabi ya fi cikakke haɗari, don ruwan na gudu gaba in an taka birki, ya tura motar bayan direba ya zaci ya tsaya, ya kuma kwanta gefe guda a kwana. In remork ta fara kaɗawa, hannu zai so ya murɗa sitiyari ya gyara, ƙafa za ta so ta danne birki. Duka biyun ƙara mata suke. A riƙe sitiyari a miƙe, a ɗaga ƙafa daga totur, a bar gudu ya mutu da kansa, in an tsaya a sauka a matso da kayan gaba. Da dare kuma, a babbar hanyar da ta ratsa Tasawa tsakanin Maraɗi da Damagaram, remork marar fitila da amalanke marar fitila abu ɗaya ne ga direban bas da ke tahowa a baya: ba ya ganin su sai ya iso.

Jan motar da ta mutu shi ne aikin da aka fi yi kuma aka fi yi wa ganganci, tunda janwe ba ya zuwa Isawan ko Attantane. Motar da injinta ke kashe, birkinta na yin tauri bayan taku biyu ko uku, sitiyari ya yi nauyi, in kuma an zare makulli yana iya kullewa a kwanar farko. Shi ya sa sandar ƙarfe tsakanin motocin biyu ta fi igiya, don ta gaba na iya tsayar da ta baya. In igiyar ce kaɗai ake da ita, a ɗaura ƙyalle mai haske a tsakiyarta don mai babur kada ya ratsa, a tafi da gudun da keke zai iya bi, na baya ya riƙa taɓa birki don igiyar ta zauna a miƙe. A rairayin gulbi kuwa, inda mota ke nutsewa har cibiya, a fara da shebur da sauke fasinja da rage iskar taya, a shimfiɗa kaba ko rassa gaban tayoyin. Kada a rataya igiyar fizga a ƙwallon ja. An yi shi don ja mai laushi, fizga ɗaya na iya karya wuyansa, igiyar da ta miƙe ta harbo dunƙulen ta gilashin motar da ke ɗaya gefen. Akwai ƙugiyoyin da aka ɗaure a shasi don wannan aikin. A yafa bargo ko buhu mai ɗan rairayi bisa tsakiyar igiyar don in ta tsinke ta faɗi ƙasa, a kuma kori yaran da suka taru kallo su koma nesa da ta fi tsawon igiyar kafin a ba mota wuta.